"Rikicin fakiti": kwamfutarka ba ta lalace ba

Kwanan nan duk inda 'yan kwamfuta suka taru, a Gusau ko a Ƙaura Namoda, sai ka ji wani ya ce injinsa "ya samu rikici". Wanda faifansa ya mutu haka zai ce, wanda wuta ta ɗauke masa ana tsakiyar aiki haka zai ce, wanda ya manta kalmar sirri ma haka. Mu da muka saba jin kalmar a rediyo safe da yamma, da an ambace ta sai zuciya ta tafi ga ɓarna da asara. To a harkar girka manhaja, ma'anarta ta fi haka ƙanƙanta, kuma ba ta da wannan ban tsoron.

Inda aka fi cin karo da ita shi ne Gentoo, nau'in Linux (tsarin da ke gudanar da kwamfuta) da Daniel Robbins ya assasa, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2002. Wasu nau'o'in Linux, su Ubuntu da Fedora, suna ba ka manhaja a game, ka sauke ka kunna. Gentoo kuwa asalin rubutun manhajar yake saukowa da shi ya harhaɗa a kan injinka, ta hannun wani mai kula da fakitoci (wato ƙunsoshin manhaja) da ake kira Portage, wanda ake yi wa magana da umarnin emerge. Tela ne, ba mai sayar da ɗinkakku ba. Idan ka kai wa tela yadi ɗaya, kai ka ce a yi tazarce, babban yayanka ya aiko a yi 'yar shara, telan kirki ba zai sa almakashi ba. Zai ajiye yadin ya ce ku je ku daidaita. Wannan ajiye almakashin shi ne rikicin fakiti.

Nan ne abin yake ba ni haushi. Lokacin da jan rubutun gargaɗin rikici ya cika allo, Portage bai taɓa ko fayil guda a injinka ba. Lissafi kawai ya yi, ya ga buƙatun ba za su haɗu ba, ya tsaya. Yadda kwamfutar take aiki jiya, haka take yau. Ɓarnar tana zuwa ne bayan haka, daga hannun mai injin.

Ɗauki misalin OpenSSL, wanda manhajoji da yawa masu magana da intanet a asirce suke jingine da shi. Siga ta 3.0 ta fito a Satumba 2021, masu shi kuma suka daina kula da tsohuwar 1.1.1 a Satumba 2023. A tsarin Gentoo kowane fakiti yana da gurbi, kuma gurbi ɗaya siga ɗaya yake ɗauka. Python, yaren rubuta manhaja, yana da gurabe da yawa, shi ya sa 3.11 da 3.12 suke zama a inji ɗaya lafiya lau. OpenSSL kuwa gurbinsa na asali ɗaya ne. Yanzu a ce kana da wata tsohuwar manhaja da aka rubuta a takardarta cewa sai ƙasa da siga ta 3 take yarda da shi, ga kuma sabuwa da ka nema yau tana cewa sai 3. Gurbi ɗaya, masu nema biyu. Abin da allo ke kira slot conflict ke nan, kuma idan ka daure ka karanta, a ƙarƙashin kowace siga an jera sunan wanda ya jawo ta. Mai laifin yana nan a rubuce. Sau da yawa ma ba wata tsohuwar manhaja ba ce, kai ne: wani layi da ka rubuta a fayilolin saitin Portage, package.mask ko package.use, wata shida da suka wuce don ka tsallake wata matsala, ka manta da shi, yanzu ya dawo ya tare maka hanya.

Akwai ɗan'uwansa da ake haɗa su a baki ɗaya, wato toshiya, inda fakitoci biyu daban ba za su iya zama tare ba, galibi don suna son mallakar fayil ɗaya, kamar yadda sysvinit da systemd, masu tayar da tsarin idan an kunna inji, kan yi a kan fayil ɗin /sbin/init. Idan ka ga ƙaramin harafin b a layin da emerge ya nuna toshiyar, Portage zai warware da kansa. Babban B ne ke buƙatar hannunka. Shi kuwa harhaɗawar da ta tsaya a tsakiya, ko don ƙwaƙwalwar injin ta cika ko don batir ya mutu, wannan ba rikici ba ne sam. A daina kiransa haka.

Me ke jawo rikicin fakiti a wajenmu fiye da ko'ina? Jinkiri. Gentoo ba ya jiran shekara kafin ya saki sabon abu, kullum cikin motsi yake. Mu kuma data tsada, wuta ba tabbas, ga manyan manhajoji irin su Chromium ko LibreOffice da kan cinye awoyi ana harhaɗa su a ƙaramar kwamfuta. Wanda yake Zamfara a Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa, ya san yadda ake yin makonni ba a sabunta komai ba. Sai mutum ya bar injin watanni, ranar da ya samu data ya yi emerge --sync don sauko da sabon jerin fakitoci, sannan ya nemi sabuwar manhaja guda ɗaya tak. Ita tana son sababbin abokan zama, gidan kuwa cike yake da tsofaffi. Maganin shi ne a fara sabunta komai tare da emerge -auDN @world, domin Portage ya samu damar motsa kowa a lokaci guda. In ya gaza, a ƙara masa --backtrack=30 ya sake lalubo wasu hanyoyin. Kuma a karanta eselect news read kafin komai. Manyan sauye-sauye a can ake sanar da su, har da matakan da za a bi.

Abin da ba a yi shi ne shawarar nan ta majalisa: "Ai cire shi kawai da --unmerge, ka sake girkawa." Wannan umarnin ba ya tambayar wa ke jingine da abin da za ka cire. Portage kansa da Python aka rubuta shi. Ka cire Python ta wannan hanya, ka kashe wanda zai gyara maka. Mai son cire abu ya yi amfani da --depclean, wanda zai ƙi idan akwai mai buƙatarsa. Ni a ganina wannan taurin kan na Portage shi ne mafi kyawun halinsa, ko da yake na yarda rubutunsa ba ya da daɗin karantawa, kamar wanda bai damu a fahimce shi ba.

Tun Disamba 2023 Gentoo ya fara ba da fakitoci harhaɗaɗɗu a sauke kai tsaye, wanda ya rage wahalar wuta da jira ƙwarai. Amma kada wani ya ce maka sun kawar da rikici. Lissafin gurabe yana nan yadda yake, kuma idan zaɓin USE ɗinka, wato abubuwan da ka ce a kunna ko a kashe a cikin manhaja, bai yi daidai da nasu ba, Portage zai ajiye nasu ya koma harhaɗawa a kan injinka.