Waiwaye: ƙuna da rauni a kan tururin nukiliya, ina aka kwana da magani?

Tun ranar 6 ga Agusta 1945 da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, sannan Nagasaki bayan kwana uku, likitocin Japan suka fara ganin abin da ya ɗaure musu kai. Mutum zai zo da ƙuna ko yankan gilashi wanda a ƙa'ida sati biyu zuwa uku ya warke, amma sai ciwon ya ƙi rufuwa ya yi ta ruɓewa, gashi ya zube, dasashi ya rinƙa jini, kafin a ankara an rasa shi. Daga baya ne aka gane cewa tururin nukiliya ɓargo yake fara kashewa, kuma a ɓargo ne jiki ke ƙera fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta da kuma waɗanda ke tsayar da zubar jini, ga shi yana lalata bangon hanji har ƙwayoyin cuta su tsallaka cikin jini. Idan aka haɗa da rauni a fata, to gida ne katanga ta faɗi kuma babu mai gadi.

A shekarun 1950 aka yi gwaji kan karnuka a Amurka, aka ga tururin da shi kaɗai ba ya kisa, da an haɗa shi da ƙuna sai mutuwa ta ninka sau da yawa. Amma magani dai shiru, sai ƙarin jini da antibayotik da ruwa.

Fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a Yukren ce ta nuna girman matsalar a 1986. Mutum 134 aka tabbatar sun kamu da ciwon tururi mai tsanani, 28 suka mutu cikin watannin farko, kuma a asibiti mai lamba 6 da ke Mosko an yi wa 13 dashen ɓargo amma biyu ne kacal suka rayu, domin da yawansu ƴan kwana-kwana ne da ma'aikatan tashar da fatarsu ta riga ta ƙone, ko ɓargon ya kama ƙunar ba za ta bar su ba. Shekara ɗaya bayan nan a garin Goiania na Barazil, inda wani hatsarin tururi ya ritsa da mutane, aka gwada allurar GM-CSF mai zaburar da ɓargo ya ci gaba da aiki, daga nan hankalin likitoci ya fara barin dashe ya koma kan irin waɗannan allurai.

To sai ga wata matsalar, ba yadda za a yi a haska wa ɗan Adam tururi don a gwada magani. Shi ya sa a 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta yarda a dogara da gwajin dabbobi. Ta wannan hanyar aka amince da alluran zaburar da ɓargo Neupogen da Neulasta a 2015, Leukine a 2018, sai Nplate a 2021.

Abin da ke ci mini rai shi ne duk waɗannan don tururi zalla aka amince da su, alhali wanda bam ko gobarar tashar nukiliya ta ritsa da shi da wuya ya zo asibiti lafiya lau a fata. A cibiyar binciken tururin nukiliya ta AFRRI ta sojojin Amurka da ke Bethesda an gwada irin wannan allura mai zaburar da ɓargo, wato G-CSF, kan ɓeraye, ta ceci waɗanda tururi kawai ya taɓa, amma waɗanda aka haɗa musu da ƙuna ba ta ƙara musu rayuwa ba. Wasu abubuwan sun ɗan nuna alamar nasara a ɓerayen, kamar ciprofloxacin ɗin nan da ake sayarwa a kemis da kuma sinadarin ghrelin da ciki ke fitarwa lokacin yunwa, sai dai tsakanin ɓera da mutum akwai tafiya.

Don haka har yanzu ƙa'idar likitoci tsohuwa ce: a fara tsayar da jini da kula da raunin da ke neman rai, a wanke jiki, duk tiyatar da ta zama dole a yi ta cikin awa 48 na farko kafin ƙwayoyin jini su faɗi, in an wuce lokacin kuma a haƙura sai ɓargo ya farfaɗo, wanda yakan ɗauki wata biyu ko uku.