Katin kasuwanci a waya: wai lokacin buga na takarda ya wuce ne?

Wai shi katin dijital ɗin nan mene ne takamaimai?

Katin nan dai da ake bugowa a shagon firintin, mai suna da lambar waya da adireshin shago, shi aka mayar cikin waya. Maimakon ka zaro takarda daga aljihu sai ka nuna wa mutum lambar QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ƴan ɗige-ɗige baƙi da fari, ya haska da kyamara, ko ka tura masa link, bayananka su faɗo masa ya danna sabin shikenan. Kuma ba wani sabon abu ba ne, fayil ne da ake kira vCard wanda sunansa ke ƙarewa da .vcf, tun tsakiyar shekarun 1990 yake, duk sanda ka tura wa wani lambar wani ta WhatsApp irinsa ka tura. Ita ma QR ɗin wani kamfanin Japan ne, Denso Wave, ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta, daga baya duniya ta ɗauka.

Sai na biya kuɗi kafin in samu?

A'a, kuma nan ne mutane ke ɓarnar kuɗi a banza. Shiga saitin ɗin WhatsApp ɗinka, kusa da sunanka akwai ƴar alamar QR, tun 2020 aka saka ta, duk wanda ya haska zai faɗo kai tsaye cikin hirarka. In link kake so, rubuta wa.me/ sai 234 sai lambarka amma ka cire sifilin farko, mutanen Nijar kuma 227, kar ka sa alamar tarawa kar ka bar tazara, yawancin masu cewa nasu ya ƙi yi a nan suke tuntuɓe. Mai kasuwanci kuwa gara ya koma WhatsApp Business, ya fito a 2018, yana da wajen sa adireshi da lokacin buɗe shago da hotunan kaya da farashi, wanda wallahi babu katin takardar da zai iya ɗaukar wannan.

Ma'aikata da masu neman aiki su kuma LinkedIn na da tata QR ɗin, a jikin wajen bincike take. Sai manhajoji irinsu HiHello da Blinq da Popl da aka yi musamman don wannan aikin, suna da na kyauta da na biya. Masu iPhone suna da NameDrop da ya zo da iOS 17 a 2023, a haɗa kan wayoyi biyu lambobi su tsallaka, amma fa tsakanin kayan Apple kawai yake yi, toh a Kantin Kwari mutum nawa za ka yi wannan da su?

Shi kuma katin robar da ake ɗorawa a bayan waya fa?

Wannan NFC ne, irin fasahar da ke cikin katin banki da ake ɗorawa a kan POS ba sai an zura ba. Akwai ɗan ƙaramin cif a ciki, ba ya cin batir, wutar wayar da aka kusanto da ita yake ja, kuma sai an matso sosai kamar santimita 4 yake yi. Abin da ke cikinsa yawanci link ne kawai saboda ƙwaƙwalwarsa ƴar mitsitsiya ce. Yana da burgewa ba ƙarya, a taro ka zaro shi sai an kalle ka. Matsalar dai da yawa daga cikin wayoyin Android masu sauƙin kuɗi da mutanenmu ke riƙewa ba su da NFC kwata-kwata, wasu kuma suna da shi amma a kashe yake mai wayar bai ma san inda ake kunnawa ba, sai ka tsaya kana ta goga kati a bayan wayar bawan Allah yana kallonka babu abin da ya fito. In za ka saya, saya mai QR a bayansa.

In babu netwok ko mutum ba shi da data fa?

Yawwa, tambayar da ya kamata a fara yi kenan. QR iri biyu ce. Akwai wadda bayanan naka suna cikin zanen kansa, suna da lamba da imel duk an cusa su cikin ƴan ɗige-ɗigen nan, wannan ko a ƙauyen da babu sabis aka haska za ta buɗe, kuma ba ta mutuwa, illarta dai in ka canza lamba sai ka yi sabuwa, kuma in ka cika mata bayani ɗigon sai ya ƙanƙance kyamara mai rauni ta kasa karantawa. Ɗayar kuma link ce zuwa shafin wani kamfani, kana iya canza bayananka kullum ba tare da ka taɓa zanen ba, har ka ga mutum nawa suka haska, amma sai da intanet, kuma ranar da ka daina biya ko kamfanin ya rufe tana iya daina aiki, ga shi ka riga ka buga ta a jikin allon shago da ledar kaya. Da yawa shafukan da ke cewa kyauta irin ta biyun suke ba ka na gwaji, bayan ƴan kwanaki su ce kawo kuɗi. Ni dai a ganina ɗan kasuwa ya riƙe ta farkon, ko ta WhatsApp.

To me ya fi "yi min fulashin in yi sabin"?

Gaskiya fulashin na da wata fa'ida da katin takarda bai taɓa samu ba, kowa ya tashi da lambar kowa. Kati kuwa ka ba mutum ya sa a aljihun riga, a kai wanki da shi, kai kuma ba ka da tasa lambar balle ka neme shi. Inda fulashin ke gazawa shi ne suna, sai a yi sabin ɗinka da "mai atamfa baje koli", bayan wata uku ba wanda ya tuna ko wane ne. Don haka in an haska QR ɗinka ka ce ya turo maka sallama nan take kafin ku rabu, kai kuma da daddare ka tura gaisuwa da sunanka da inda kuka haɗu. Wannan saƙon shi ke kawo ciniki, ba kyan katin ba.

Masu zuwa sari ƙasar waje fa?

In Chana za ka, WhatsApp a toshe yake can, WeChat ake yi, a Guangzhou kusan duk mai shago QR ɗinsa zai miƙo maka. Buɗe akawun ɗinka na WeChat tun kana gida. Japan kuma har yanzu katin takarda na da daraja sosai, da hannu biyu ake miƙawa a kuma karɓa da hannu biyu.

Ba hatsari a haska QR ɗin wanda ban sani ba?

Akwai. Ido ba ya iya gane inda za ta kai ka, don haka karanta adireshin da waya ta nuna kafin ka danna. Katin kirki ba zai nemi BVN ko lambar sirrin katinka ba, ba zai ce ka sauke wata manhaja ba. A kula da wannan kuma, in wani ya ce ka shiga wajen haɗa na'urori na WhatsApp ka haska tasa QR, ƙofar hirarrakinka kake buɗe masa. Naka katin kuma kar ka sa adireshin gida, mata masu sana'a a gida musamman gara a ware layin kasuwanci daban. In QR ɗinka ta WhatsApp ta yawata inda ba ka so, akwai wajen sake ta, tsohuwar ta mutu.

Kenan in daina buga na takarda?

Rage dai za ka yi. Babban mutum, Alhajin da ya haife ka, ba ka ce masa ranka ya daɗe ɗauko wayarka ka haska, miƙa masa kati za ka yi cikin ladabi ya ba yaronsa. Ga masu ƙaramar waya mai maɓalli, ga ranar da cajinka zai ƙare a tsakiyar taro. Buga kaɗan, ka sa QR a baya, kar ta gaza santimita 2 kowane gefe, baƙi a kan fari da ɗan fili kewaye da ita, kuma ka sa mai firintin ya fitar maka da guda ɗaya ka gwada da tsohuwar waya kafin ya buga sauran.