Gidan wanka da ajiye gawa a cikin unguwa: wa ke da ta cewa a Maradi?

Saƙon murya ne ke yawo daga waya zuwa waya, kowa ya karɓa sai ya ƙara masa gishiri. Wai wani mai hali zai buɗe gidan wanka da ajiye gawa a tsakiyar gidajen mutane. Wai tunda filinsa ne kuma yana da takarda, ba mai iya tsayar da shi. Wai da zarar an buɗe za a hana kowa wanke mamacinsa a gida, wanda ya ƙi a ci shi tara. A wasu fadoji har samari sun fara maganar su je su ture katangar tun ba a kai ga rufi ba. Babu ɗaya cikin waɗannan maganganu da ta dace da doka, kuma ta ƙarshen tana iya kai ɗan mutane gidan kaso.

Mu fara da wadda ta fi tayar wa tsofaffinmu hankali. Ba wata doka a Nijar da ta hana mutum yi wa mamacinsa wanka da sutura a gidansa. Yadda muka gada, a kewaye wani lungu da tabarma ko zane, a haƙa ɗan rami don ruwan ya sauka, a kawo ganyen magarya da kafur, a ɗinka likkafani, a ɗora a makara a nufi maƙabarta, haka abin yake, kuma buɗe wani gida na kuɗi ba ya taɓa shi. Inda kawai hukuma ke shiga tsakanin dangi da gawa shi ne mutuwar da jami'an tsaro ke bincike a kanta, sai lokacin annoba. Waɗanda suka ga kwalarar 2018 da ta fara daga wajen Madarumfa, da wadda ta dawo a 2021, sun san dalili: gawar mai kwalara tana iya harbin mai wanka, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke zuwa da safar hannu da ruwan magani. In ba irin wannan ba, gawar wanda ya rasu da hawan jini ko haɗarin mota ba ta baza cuta a iska, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin haka.

Masu bukatar irin wannan gida kuwa suna nan cikinmu: Kiristocin gari, baƙin ƴan kasuwa da za a mayar da gawarsu ƙasarsu, da Musulmin da ajali ya riska a hanya ana neman danginsa.

To amma bukatar ba ta nufin mai fili ya yi yadda ya ga dama. Takardar fili tana shaida cewa wurin naka ne, ba ta ba ka izinin gina duk abin da ranka ya so a kansa. Dokar tsara birane mai lamba 2017-20 ta ranar 12 ga Afrilun 2017 ita ta shimfiɗa ƙa'idar cewa kowane yanki na gari da abin da aka tanadar masa, dokar gine-gine da gidaje mai lamba 2018-25 ta ranar 27 ga Afrilun 2018 kuma ta ce sai da izinin gini. Wanda aka yanka wa fili don gidan kwana, ya juya shi ya zama wurin da jama'a ke shiga da fita da gawa, ya canza amfanin wurin, kuma wannan canji sai ya bi ta ma'aikatar magajin gari da jami'an tsara gari. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Maradin da muke ciki ita kanta tsara ta aka yi: bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 aka tayar da gari daga kwari zuwa tudu, aka ja tituna a miƙe, aka ce nan kasuwa, nan gidaje.

Akwai kuma wata tsohuwar doka da mutane da yawa ba su san da ita ba, mai lamba 66-33 ta ranar 24 ga Mayun 1966, wadda ta shafi wuraren sana'a masu haɗari, ko masu ƙazanta, ko masu takura wa maƙwabta. Ta kasa su aji uku. Na ɗaya dole a nisanta su da gidaje. Na biyu za su iya zama kusa da mutane, amma sai an ba da izini bayan an tabbatar an ɗauki matakan kare maƙwabta. Na uku sanarwa ake yi wa hukuma, a bi ƙa'idojin da aka gindaya. Ba mai ginin ke zaɓar ajinsa ba, ba kuma maƙwabta ba; jerin sana'o'in da hukuma ta tsara da idon ƙwararru su ke yanke wannan, gwargwadon abin da za a ajiye da abin da za a yi a wurin.

Ga inda rikicin fahimta yake. Wuraren aji na ɗaya da na biyu ana buɗe musu binciken jin ra'ayin jama'a, wanda ma'aikata ke kira komodo da inkomodo. A liƙa sanarwa, a ɗora wani jami'i a kan aikin, a ajiye rajista na wani wa'adi, duk mai magana ya zo a rubuta. Jama'a na ɗauka ƙuri'a ce, in masu cewa a'a sun fi yawa magana ta mutu. Ba haka ba ne. Hujja ake aunawa, ba a ƙirga kawuna. Mutum ɗari su rubuta cewa suna tsoron fatalwa, ko matansu ba za su iya barci ba, jami'in zai rubuta ya wuce, don ba abin da zai auna. Tsohuwa ɗaya ta ce rijiyarta tana bayan katangar da za a haƙa gologon ruwan wanka, wannan magana ce da dole a je a duba da ido.

Saboda haka duk wanda abin ya dama, ya san me zai faɗa. Ina ruwan wankan zai tafi? In rami ne, da siminti aka ɗaure shi ko kuwa zai riƙa tsiyaya cikin ƙasa? Wannan tambaya ta fi nauyi a unguwannin da ke gangarawa wajen Gulbi, inda ruwan ƙasa ya fi kusa, fiye da can saman tudu irin su Ali Ɗan Sofo ko Zariya. Ɗakin sanyi fa, me zai riƙe shi in kamfanin wutar lantarki NIGELEC ya ɗauke wuta a watan Afrilu ko Mayu, zafin rana ya haura digiri 40? In injin wuta ne, ina za a girke shi, ƙararsa da hayaƙinsa tagar wa za su shiga, ina za a ajiye mansa? Auduga da safar hannu da tsummokaran da aka yi aiki da su, bolar unguwa za a zuba su inda yara da awaki ke tono? Titin zai ɗauki motar gawa da ta masu rakiya da ƴan kabu-kabu ba tare da an toshe ƙofar makarantar allo ko ta boko ba? Waɗannan su ne harshen da doka ke ji, kuma su ne jami'an tsafta ke dubawa a ƙarƙashin dokokin kiwon lafiyar jama'a, tun daga dokar tsafta mai lamba 93-13 ta ranar 2 ga Maris na 1993.

Ni a ganina doka ta yi daidai da ta ƙi auna tsoro. Da tsoro ake bi, da ba unguwar da za ta yarda da asibiti ko maƙabarta, alhali kowa yana son su kusa ranar da bukata ta same shi. Inda nake ganin ba a kyauta wa talaka ba shi ne yadda ake sanarwa. Takarda ce da Faransanci a jikin allon ma'aikata. Matar da ke cikin gida yini guda, wadda ita ce za ta sha warin gologo in ya cika, ita ce ke jan ruwan rijiyar, ba za ta taɓa ganin allon nan ba. Kafin labari ya iso ta wa'adi ya cika, an rufe rajista, an rubuta cewa ba wanda ya yi ƙorafi. Garin da ke da gidajen rediyo da masu shela da limamai a kowace unguwa bai kamata ya tsaya ga allo ba.

Sai maganar mai unguwa. Wasu na cewa ai mai unguwa ya sa hannu, an gama. Wasu na cewa mai unguwa ya ƙi, an gama. Duka biyu kuskure ne. Mai unguwa uba ne, maganarsa tana da nauyi, shi ke sulhu, shi ke kai kukan jama'a gaban hukuma da fadar Sarki, amma ba shi ke ba da izinin gini ba, ba shi ke soke shi ba. Birnin Maradi da gundumominsa uku a hannun hukumar gari suke, kuma tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi kantomomi ne ke riƙe da ragama. Ma'ana yanzu babu kansilan unguwa da za ka tare a ƙofar masallaci ya kai maganarka zauren majalisa. Abin da aka rubuta aka ajiye, da kwanan wata da hatimin karɓa, shi ke da rai.

Hukunci kuwa kaifi biyu gare shi, kuma saƙon muryar nan bai faɗi ko ɗaya daidai ba. Wanda ya yi gini ko ya buɗe wuri ba izini, hukuma na iya tsayar da aikin, ta ci shi tara, ta rufe wurin, abin ma yana iya kai wa ga rusau. Wanda ya samu izini da sharuɗɗa ya karya su, misali ya saki ruwan wanka a titi, ana yi masa gargaɗi a rubuce a ba shi wa'adin gyara, in ya ƙi a dakatar da shi. Wato izini ba ya rufe bakin maƙwabta har abada. Ko bayan an buɗe, ƙofar jami'an tsafta a buɗe take. Tarar da ake cewa za a ci mai wanka a gida kuwa babu ita.

Ɗaya kaifin a kan maƙwabta yake. Ture katangar mutum, fasa ƙofa, ƙona kaya, duk laifi ne a dokar hukunta laifuka, ko da daga baya an gano mai ginin ba shi da ko takarda ɗaya. Rashin izininsa tsakaninsa da hukuma ne, ɓarnar da aka yi masa kuma a wuyan wanda ya yi take, ga biyan diyya ga ɗauri. Yawanci kuma ba dattawan da suka zuga ake kamawa ba, samarin da aka gani da diga a hannu ake kwashewa. Iyaye su ja kunnen ƴaƴansu tun yanzu.

Idan an ba da izini kuma unguwa na ganin an yi ba daidai ba, hanya tana nan. A rubuta wa wanda ya sa hannu a nemi ya sake dubawa, in bai yi ba a kai sama da shi, in ta ƙi a je kotun da ke duba shawarwarin hukuma. Wa'adin irin wannan ƙara gajere ne, yana ƙarewa mutane na nan suna ta taro a gindin bishiya. Wanda bai iya Faransanci ba ya nemi malamin makaranta ko marubucin takardu ya rubuta masa abin da ya faɗa da Hausa, a karanta masa ya ji kafin ya dangwala, ya riƙe kwafi ɗaya a gida. Kafin duk wannan, mutum biyu ko uku daga dattawan unguwa su je sashen filaye da gine-gine na ma'aikatar magajin gari su tambaya ko an ma shigar da wata bukata a kan filin da ake magana, kuma da sunan wace sana'a aka shigar.