Ekstenshan na Burauza da Kare Sirri a Intanet

Ekstenshan ƴar ƙaramar manhaja ce da ake liƙa wa burauza irinsu Firefox, Chrome ko Edge domin ta ƙara mata wani aiki da ba ta zo da shi ba. Akwai dubbansu, amma waɗanda ake magana a kansu nan su ne masu hana kamfanonin talla bin diddigin mutum yayin da yake yawo a intanet.

Yadda ake bin mutum ɗin kuwa shi ne, in ka buɗe shafi guda ba da mai shafin kaɗai kake hulɗa ba, a ɓoye shafin yakan kira wasu kamfanoni da dama, masu talla da masu ƙidayar baƙi da maɓallin Facebook ɗin nan da ke gefe, kowa ya ajiye maka ɗan fayil da ake kira kuki. Lou Montulli ne ya kawo kuki cikin burauza a kamfanin Netscape a 1994 don shafi ya riƙa tuna mutum, ba don leƙen asiri ba, daga baya ne ƴan talla suka gane cewa kukinsu ɗaya zai iya gane mutum a shafuka daban-daban. Shi ya sa za ka duba farashin takalmi yau, gobe ka ga tallan takalmin yana binka har shafin labarai.

Wanda ya fi suna a masu toshewa shi ne uBlock Origin, wanda Raymond Hill ya fitar a 2014. Kyauta ne kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta shi. Yana aiki da jerin adireshin ƴan talla da masu bibiya, irinsu EasyList da EasyPrivacy, duk abin da ke cikin jerin sai ya hana burauza ɗauko shi tun farko, wannan ne ma ya sa shafi yake saurin buɗewa kuma data ba ta zuba kamar da. Kafin shi akwai Adblock Plus na Wladimir Palant tun 2006, sai dai a 2011 sun fito da tsarin barin wasu tallace-tallacen su wuce, manyan kamfanoni har biya suke a sa su cikin jerin waɗanda ake bari su wuce, abin da ya sa mutane da yawa suka yi ƙaura.

Privacy Badger kuma na EFF ne, wata ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet da ke San Francisco a Amurka, ya fito a 2014. Shi dabararsa daban, in aka ga wani kamfani yana bibiya a shafuka uku mabambanta sai ya toshe shi. Ita EFF ɗin tare da masu Tor, wani tsarin ɓoye mutum a intanet, sun taɓa yin HTTPS Everywhere a 2010, mai tilasta shafi ya buɗe ta hanyar da aka kulle bayanai, amma an yi masa ritaya a farkon 2023 tunda burauzoji sun sa wannan aikin a cikinsu. Sai NoScript na Giorgio Maone ɗan Italiya, tun 2005, wanda ke hana JavaScript, wato umarnin da shafi ke turo wa burauza ta aiwatar, aiki sai ka ba da izini. Yana da ƙarfi sosai amma fa sai mai haƙuri, don rabin shafukan za su lalace sai ka zauna kana buɗe musu ɗaya bayan ɗaya. Mozilla ma, masu Firefox, ta fitar da Facebook Container a Maris 2018 lokacin badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook ba da izininsu ba, yana killace Facebook a ɗakinsa shi kaɗai kar ya ga sauran wuraren da kake zuwa.

To inda mutane suke ruɗewa shi ne, rage bibiya daban, ɓoye ko kai wane ne daban. Mai toshe talla ba ya ɓoye adireshin IP naka, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet, kamfanin da kake sayen data a wajensa yana iya sanin shafukan da kake ziyarta, in kuma ka shiga akawun ɗinka na Google ai ka riga ka yi sallama ka faɗi sunanka. Ga kuma wata hanya da ba ta buƙatar kuki sam, wato a haɗa girman allonka da yaren na'urarka da agogon yankinka da irin rubutun da ke kwamfutarka a gane ka da su kamar zanen yatsa. A 2010 EFF ta yi gwajin Panopticlick, ta gano sama da kashi 80 cikin ɗari na burauzojin da aka gwada ba su da mai kama da su. Abin dariyar shi ne duk ekstenshan ɗin da ka ƙara yana iya zama wata alamar da za a ƙara gane ka da ita, kamar mai son ɓuya a kasuwa ya sa jar hula da koren takalmi. Shi ya sa masu Tor Browser, wadda ke bi da mutum ta tashoshi uku kafin ya isa shafi, suke gargaɗin kar a ƙara mata komai, so suke duk masu amfani da ita su yi kama da juna.

Shi kansa ekstenshan ɗin abin tsoro ne in ba a san mai shi ba, domin yawancinsu suna neman izinin karanta duk abin da ke shafukan da ka buɗe. A 2016 gidan talabijin na NDR a Jamus ya bankaɗo cewa Web of Trust, wanda aikinsa wai gaya maka shafin da ba shi da haɗari, yana sayar da tarihin yawon masu amfani da shi. A 2018 Mozilla da Google suka cire Stylish saboda irin wannan, bayan kamfanin SimilarWeb ya karɓe shi. Avast ma, duk da kamfanin anti-bairos ne, Mozilla ta cire ekstenshan ɗinsa a ƙarshen 2019, a 2024 kuma hukumar FTC ta Amurka ta sa shi biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan mutane. Waɗanda suke kiran kansu VPN na kyauta, wato masu bi da kai ta wata tasha don ɓoye adireshin IP naka, su ma sai an yi hattara, a 2015 aka gano Hola tana sayar da layin intanet ɗin masu amfani da ita ga wasu. Sau da yawa abin yakan fara lafiya, sai mai shi ya gaji ya sayar, sabon mai shi ya tura sabuntawa ba wanda ya sani.

Daga 2024 Google ya fara kashe tsofaffin ekstenshan a Chrome saboda sabon tsarinsa na Manifest V3, uBlock Origin na asali yana cikin waɗanda abin ya shafa, sai dai a sa ƙaninsa uBlock Origin Lite da bai kai shi ƙarfi ba. Google ya ce don tsaro ne, masu suka kuma suna tuna wa mutane cewa da talla Google yake cin abinci. Firefox dai ta ci gaba da karɓar na asalin. Ga mu da galibi a waya muke shiga intanet ba a kwamfuta ba, Chrome na Android ba ya karɓar ekstenshan, amma Firefox ta Android tana karɓa, kuma tun Disamba 2023 ta buɗe ƙofa ga ɗaruruwansu. Su ma a cikin burauzar kaɗai suke aiki, abin da kake yi a cikin manhajar Facebook ko TikTok ba su da iko a kansa.