Dunƙulen cakulan da ya yini a rana ba ya komawa firij

Tun da zafi ya kama a Garwa, da wuya mako ya wuce ban ga irin wannan ba a ɗakin shan maganin da nake aiki. Bayan la'asar ko da magariba sai a shigo da yaro a saɓe, yana ta kelaya amai, ciki na murɗa, leɓe a bushe. In na tambayi uwar me ya ci, sai ta lissafo shinkafa da miya, kunun gyaɗa, ruwan randa. Sai na matsa mata sannan ta tuna: "Af, an ba su cakulan a gidan suna." Wannan dai da ake mulmulawa kamar ƙananan dunƙulen fura, a birkiɗa shi cikin garin kakawo (na cakulan nake nufi, ba kokon da muke sha da ƙosai ba), a jera a takarda mai ado. 'Yan mata na ce masa turuf, sunan da Faransawa suka sa masa.

Ba ni da faɗa da sana'ar, kada a ji ni a karkace. Daɗi nake ji in na ga ƙannenmu sun koyi abu a waya, suna tallarsa a WhatsApp, suna samun na sabulu da na makaranta ba tare da sun miƙa wa kowa hannu ba. Kakawon ma ai na ƙasarmu ne, can kudu ake nomansa, wajen Kumba da kewayen Yawunde, kuma Kamaru na cikin manyan masu nomansa a duniya. Ni kaina in aka kawo mini mai sanyi, mai ɗan ɗacin nan, ba na mayar da hannun kyauta.

Faɗana da ɗabi'a guda ce. Abin da ya yini a faranti cikin zafi, bai ƙare ba, ya yi laushi, sai a kwashe a sake mulmula shi, a birkiɗa cikin sabon gari, a tura firij, gobe a fito da shi a ce sabo ne. Wannan ce ke kawo mini yara, kuma ita zan yi ta maimaitawa har ku gaji da ni.

Kwanan baya yara biyar aka kawo mana daga gida ɗaya, ƙaraminsu bai kai shekara uku ba. Muka sa aka kira wadda ta yi cakulan ɗin da suka ci. Ta zo jiki na ɓari, yarinya ce mai tsafta, farce a yanke, hijabi a goge. Kafin in buɗe baki ta ce, "Anti, wallahi a firij ya kwana." Na ce zauna, ƙanwata, ba kama ki za a yi ba, lissafi za mu yi. Yaushe kika haɗa? Daren Alhamis. Da wuta? An ɗauke tsakar dare, ba a dawo da ita ba sai da hantsi. Ranar Juma'a fa? Ta ɗauki faranti biyu zuwa bakin wata makaranta, tun ƙarfe 9 har 4 na yamma. Wanda ya rage, kusan rabi, ya narke ya manne da takarda, sai ta kankare da cokali, ta gyara shi da hannu, ta sa masa sabon gari. Asabar da safe aka kai gidan suna, aka ajiye ƙarƙashin rumfa, ba a raba ba sai bayan azahar. Da muka gama ƙirga awowin da ya yi a zafi, ita da kanta ta kama baki. Ba ƙarya ta yi ba, ya kwana a firij. Amma ina ya yini?

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, baƙar cakulan ta shago tana wata da watanni a kanta ba ta komai, don babu ruwa a cikinta. Ranar da kika zuba mata kirim na madara ko madarar kanta don yin turuf, ta tashi daga cakulan ta koma madara. Madara kuwa kowa ya san halinta. Bambancin kawai, madara in ta juya takan faɗa da bakinta, ta tsinke, ta yi tsami. Wannan kuwa ɗaci da sukari sun rufe masa asiri. Ba wari, ba tsami, ga sabon gari ya lulluɓe shi. Kyan ɗan maciji ke nan. Don haka kada wadda ta sake ce mini "ai na ɗanɗana, lafiyarsa ƙalau." Harshenki ba ya ganin abin da muke magana a kai.

Akwai ƙwayar cuta da ke zaune a hanci da fatar mutane masu lafiya, balle inda akwai ƙurji ko yanka. Da hannu ake mulmula abin nan, kuma ba a sake dafa shi. In ta samu madara da zafi sai ta hayayyafa ta zuba guba. Gubar nan sanyi ba ya kashe ta, sake ɗorawa a wuta ma ba ya kashe ta. Daga rabin awa zuwa awa 8 bayan an ci, amai ya taso. Iyakar abin da kuke buƙatar sani ke nan. Firij yana tsare abu mai kyau ne, ba ya gyara wanda ya lalace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, a kuma ajiye mai saurin lalacewa ƙasa da digiri 5. Hukumomin abinci na Amurka sun ƙara da cewa in zafi ya haura digiri 32, awa 1 ce kawai. To mu a nan, Maris da Afrilu sama da 40 muke gani, kuma a 'yan shekarun nan cikin watannin ne ƙaramar sallah take faɗowa, lokacin da oda ta fi yawa. Man kakawon da ke cikin cakulan yana narkewa wajen digiri 34. Ke nan in kika ga dunƙule ya saki jiki ya fara naso a takarda, shi ne ya gaya miki ya sha zafi. Ba gyara yake nema ba, bola yake nema.

Maganar wuta kuma, duk mun san yadda ake yawan ɗauke ta idan ruwan madatsar Lagdo, inda ake samo mana lantarki, ya ja baya da rani. Firij da aka bari a rufe yakan riƙe sanyi kamar awa 4. A rufe na ce, ba wanda yara ke buɗewa kowane minti biyar suna neman ruwan sanyi ba. In wuta ta kwana ba ta dawo ba kuma ba ki da ƙanƙara a kula, abin da ke ciki ba na sayarwa ba ne.

Na san abin da za ku ce: asara. Na san kirim na kwali ba arha gare shi ba, na san jarin wata bashi ne daga wajen yayarta. Ina tausaya muku, Allah ya sani. Amma yarinyar nan da nake ba ku labari, guda nawa ta so ta ceta? Ba su fi talatin ba. Mahaifinta ne ya biya kuɗin ƙarin ruwan yara biyu, kuma har yau babu wanda ya sake ba ta oda a unguwarsu. Garin neman gira aka rasa ido. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ku ma iyaye ban ƙyale ku ba. Hajiya, ke da ake miƙa wa a wajen biki, ki naɗe a leda ki cusa cikin jaka wai tsarabar yara, ki zauna hira har magariba, ki hau babur, jakar na kan cinya tana ɗaukar zafi, ki iso gida ki jefa a firij sai gobe. Mene ne bambancinki da mai tallar? Ki cinye abinki a can, ki sayo musu biskit a hanya.

Ga yadda za a yi, a gurguje:

- Ki yi kaɗan, gwargwadon oda. Giram 200 na baƙar cakulan da mililita 100 na kirim suna ba da kamar guda 20.
- Kirim ko madara sai ya tafasa kafin ki juye kan yankakkiyar cakulan. Madarar shanu ɗanya, haram ta shiga ba a tafasa ba.
- Ki rufe, ya shiga firij da wuri, ba a bar shi kan tebur ya kwana ba.
- Sabulu kafin mulmulawa. Mai yanka ko ƙurji a yatsa, ko mai mura, ta ba wata. Ban da lasar yatsa.
- Talla a kula mai ƙanƙara, a fito da shi guda-guda. Gidan biki a kai dab da rabo.
- Wanda bai taɓa fita daga sanyi ba, ni dai shawarata kada ya wuce kwana 4.
- Ba ki da firij? Ki bar na kirim. Ki daka dabino da soyayyar gyaɗa da garin kakawo, ya fi jure zafi.

In an riga an ci kuma yaro ya fara amai, a jiƙa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti cikin lita 1 ta tsaftataccen ruwa, a riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, mai shan nono a ci gaba da ba shi. Kada a saya masa ƙwayoyi a tebur. In komai aka ba shi yana dawowa, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko ya yi lagwas, ko an ga jini a bayan gida, a kawo shi ko tsakar dare ne. A faɗa mana gaskiyar abin da ya ci da inda aka ci, don mu aika a duba sauran yaran da aka raba wa.

Sai kwanon garin kakawon nan da kika birkiɗa na jiya a ciki, wanda kike rufewa da faifai ki ɗora kan kabad don gobe. Na gan shi a gidaje uku. Shi ma a zubar.