Yarjejeniyar Haƙa Mashigin Suez: Abin da Aka Ba Kamfani da Abin da Ya Rage wa Masar

Ranar 30 ga Nuwamba 1854 mai mulkin Masar, Muhammad Sa'id Pasha, ya ba tsohon abokinsa Ferdinand de Lesseps izinin kafa kamfanin da zai haƙa mashigin ruwa tsakanin Bahar Rum da Bahar Maliya. Lesseps tsohon jakadan Faransa ne da ya bar aikin gwamnati ya rungumi neman masu zuba jari. A Janairu 1856 aka fito da takarda ta biyu mai ɗauke da sharuɗɗa dalla-dalla.

Ga abin da aka shirya. Kamfanin zai riƙe mashigin shekara 99 daga ranar da aka buɗe shi, sannan ya dawo hannun Masar. Jirgin fatake na kowace ƙasa zai wuce ba tare da nuna bambanci ba, kuma kuɗin wucewa ba zai haura faran 10 na Faransa kan kowane tan ba. Idan an fitar da riba, masu hannun jari su kwashi kashi 75 cikin 100, waɗanda suka kafa kamfanin su sami 10, gwamnatin Masar ta karɓi 15.

Kashi 15 ga mai ƙasa! Amma abin da ya fi ciwo yana wajen aiki. Masar ce ta ba da filin kyauta, kuma aka ce huɗu daga cikin kowane ma'aikata biyar su zama Misirawa. Da aka fara haƙa a 1859, wannan sharaɗi ya zama aikin tilas: a raba manomi da gonarsa, a kai shi cikin hamada yana ɗibar yashi da kwando. Da Isma'il Pasha ya hau mulki ya nemi soke aikin tilas da karɓo wasu filaye, sai aka kai maganar gaban Sarkin Faransa, Napoleon na Uku. A 1864 ya yanke cewa Masar ta biya kamfanin diyyar faran miliyan 84. Wato alƙalin ɗan ƙasarsu Lesseps ne, kuma a ganina nan ne zaluncin ya fito fili.

An buɗe mashigin ranar 17 ga Nuwamba 1869. Bashi ya riga ya yi wa Masar katutu, don haka a 1875 Isma'il ya sayar wa gwamnatin Ingila hannun jarin Masar, kusan kashi 44 na kamfanin, kan kusan fam miliyan 4. A 1880 shi ma kashi 15 ɗin aka sayar wa wani bankin Faransa.

Bisa lissafin takardar, sai 1968 wa'adin zai cika. Shugaban Masar Gamal Abdel Nasser bai jira ba: ranar 26 ga Yuli 1956 ya mayar da kamfanin mallakar Masar.