Kare Fili da Neman Mace a Wurin Mazan Malam-Buɗe-Littafi

Kare fili ɗabi'a ce ta mazan wasu jinsunan malam-buɗe-littafi. Namiji yakan zaɓi wuri ɗaya, reshe ko dutse ko inda rana ta ratso ganye ta sauka ƙasa, ya zauna dako. Duk abin da ya gifta sai ya tashi ya bi shi. In mace ce, zawarci ya fara. In namiji ne, sai su yi ta kewaya juna suna hawa sama har ɗaya ya janye. Galibi filin ba shi da abinci, kuma mace ba ta yin ƙwai a cikinsa. Mahaɗa ce kawai.

Masu dako da masu sintiri

A 1974 masanin ƙwari James Scott ya raba mazan gida biyu: masu dako da masu sintiri. Duka biyun ana ganinsu a lambunan Yamai bayan saukar damina. Fararen nan da ke yawo a kan anza, *Belenois aurota*, sintiri suke yi, haka ma jan nan mai baƙin gefe, *Danaus chrysippus*, wanda tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya. Fitaccen mai dako kuwa shi ne *Hypolimnas misippus*. Namijinsa baƙi ne mai manyan fararen ɗigo da shuɗi ya kewaye, macen kuma ta yi kama da ta tumfafiya, wadda tsuntsaye ke ƙin ci, har ita ma suna ƙyale ta. Wasu jinsunan kan tudu suke haɗuwa: maza su hau ƙololuwa su rarraba wurin zama, matan da ba a barbara ba su iske su can. Tuddai masu tsayuwa su kaɗai, irin na Adar a yankin Tawa, su suka fi dacewa da wannan.

Tarihin binciken

Aikin farko da ya yi suna shi ne na Niko Tinbergen da abokansa a ƙasar Holan, wanda ya fito a 1942. Sun yanka takardu, suka ɗaura a zaren sandar kamun kifi, suna kaɗawa a gaban mazan *Hipparchia semele*. Siffa ba ta dami namijin ba, launi ma kaɗan ne tasirinsa. Abin da ke tayar da shi shi ne abu mai duhu, babba, na kusa, mai rawa a iska. Shi ya sa yake bin ganyen da ya faɗo, har da tsuntsu.

A 1978 Nick Davies ya wallafa abin da ya gani a dajin Wytham, kusa da Okisfod a Ingila, game da *Pararge aegeria*, wanda mazansa ke tsare ɗan hasken rana a ƙasan daji. Mai wuri ne kullum ke yin nasara, cikin daƙiƙu kaɗan. Davies ya kama mai wurin, ya bari wani ya gaje shi, sannan ya sake shi. Sabon ya kori tsohon. Da ya yi dabara har biyu suka ɗauka wurin nasu ne, kewayen ya yi tsawon kusan ninki goma. Daga nan aka ɗauka cewa akwai wata ƙa'ida a tsakaninsu: baƙo ya bar wa mai gida. Shekaru da dama wannan misali na yawo a darussan halayyar dabbobi, kuma gwajin ya cancanci sunan da ya yi, don da ƴar raga da haƙuri kaɗai aka yi shi.

Ba a daɗe ba aka ƙalubalanci fassarar. A Suwidin, Per-Olof Wickman da Christer Wiklund sun nuna a 1983 cewa idan mai wuri ya tafi da kansa ya dawo, yakan ƙwace wurinsa. Wasu sun ce zafin jiki ne dalili, tunda wanda ya sha rana ya fi jimirin tashi. A 2010 aka ga cewa namijin da ya ci karo da mace a filin ya fi nacewa a kansa. Tsuyoshi Takeuchi na Japan yana ganin ba faɗa ba ne ma: kowanne ya ɗauki ɗan'uwansa mace ne. Ba a daidaita a kan wannan ba.

Makami

Mazan malam-buɗe-littafi ba su da haƙori ko ƙahon faɗa ko ƙari, kuma da wuya su taɓa juna. Togaciya ita ce *Charaxes*, masu ƙarfin ƙirji, waɗanda gaban fiffikensu ke da ƙananan haƙora kamar zarto, suna bangaje juna da shi a kan ruɓaɓɓun ƴaƴan itace.

Zawarci da barbara

Ido ne ke haɗa su, ƙamshi ne ke kammala magana. Namijin na tumfafiya yana da tuntu biyu na gashi a ƙarshen cikinsa da ƴar jaka a kowane fiffiken baya. Yana tsotsar wani sinadari daga wasu tsirrai, musamman in sun fara bushewa, ya mai da shi turare, ya yi shawagi a kan mace yana barbaɗa mata a ƙahonnin jin ƙamshi. In bai samu sinadarin ba, da wuya ta amince.

Barbara ana yin ta ne baya da baya. Namiji yana miƙa ƙunshin maniyyi haɗe da abinci mai gina jiki da gishiri, waɗanda ke shiga cikin ƙwai. Shi ya sa tarin da ake gani a kan laka a bakin kogin Isa, ko a kan fitsarin dabbobi kusa da rijiya, kusan duk maza ne masu tara gishiri. Macen da ba ta so takan shimfiɗa fiffike ta ɗaga ciki sama, kamar yadda farare ke yi. A jinsunan *Acraea* da dama babu zawarci: namiji ya cafke mace a iska, bayan barbara ya toshe ta da wani abu mai daskarewa don kada wani ya biyo bayansa.